Awo kafin tashi: lissafin nauyi a gasar ƙetare tekun Atlantika

A watan Mayu na shekara ta 1919, wani Bafaranshe mai suna Raymond Orteig, mai otal-otal a birnin Niyu Yok, ya sa ladar dala 25,000 ga duk matuƙin jirgin saman da ya fara tashi daga Niyu Yok zuwa Paris, ko daga Paris zuwa Niyu Yok, ba tare da ya sauka a hanya ba. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 5,800, mafi yawansu a kan ruwa. Shekara bakwai ladar tana ajiye, babu wanda ya tunkare ta. Da injina suka ƙara inganci aka shiga gasar gadan-gadan, cikin wata takwas kacal, daga Satumba 1926 zuwa Mayu 1927, mutum shida suka rasa rayukansu, wasu kuma suka ji rauni. Huɗu daga cikin shidan nan ko tekun ba su hau ba: a bakin filin tashi ajali ya same su, domin jiragensu sun kasa ɗaukar abin da aka ɗora masu.

An saba ba da labarin wannan gasa a matsayin labarin jarumtaka, kuma lalle akwai jarumai a ciki. Amma duk waɗanda suka shiga jarumai ne, wasunsu ma sun fi wanda ya ci ladar suna da gogewa nesa ba kusa ba. Abin da ya raba su shi ne amsar tambaya biyu da har yau kowane matuƙin ƙaramin jirgi yake yi wa kansa kafin ya tashi: nawa ne nauyin da ke cikin jirgin, kuma a ina aka ajiye shi?

Nauyi daban, daidaito daban

Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san kaya suna iya cutar da dabba ta hanya biyu. Ko su fi ƙarfinta, ko kuma su kasance daidai ƙarfinta amma ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, su karkace, su zube. Jirgin sama ma haka yake, sai dai rinjayen da aka fi jin tsoro a wurinsa shi ne na gaba da baya, wato tsakanin hanci da wutsiya.

Ƙa'idar da ake auna wannan rinjaye da ita ta girmi jirgin sama da fiye da shekara dubu biyu. Arkimidis, masanin nan na Girkawa da ya rayu a birnin Sirakusa a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya tabbatar a rubuce cewa abu biyu da aka rataya a kan sanda suna yin daidai ne idan nauyin kowane ɗaya, in an ninka shi da nisansa daga wurin da aka tokare sandar, ya yi daidai da na ɗayan. Kilo ɗaya da ke nisan mita biyu yana da rinjayen kilo biyu da ke nisan mita ɗaya. Masanan ƙasashen Musulmi sun faɗaɗa wannan ilimi: Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 901, ya yi littafi a kan sikeli mai sanda, al-Khazini kuma ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa a farkon ƙarni na goma sha biyu. Wurin da duk nauyin abu yake haɗuwa ya daidaita, inda za a iya tokare shi bai faɗi gaba ko baya ba, shi ake kira cibiyar nauyi.

Fiffiken jirgi yana ɗaga shi ne daga wani ƙayyadadden wuri, saboda haka dole cibiyar nauyi ta zauna kusa da wannan wuri, tsakanin iyaka biyu da masu ƙera jirgin suka shata. In ta yi gaba da yawa, hanci zai yi nauyi, ƙaramin fiffiken wutsiya ya kasa ɗaga shi lokacin tashi ko sauka. In ta yi baya da yawa, abin ya fi muni: hanci zai riƙa ɗagawa da kansa, gudu ya ragu, fiffike ya daina riƙe iska, jirgi ya rikito, kuma matuƙi ba shi da isasshen ƙarfin da zai mai da hancin ƙasa.

Lissafin kansa bai wuce abin da ɗan makarantar firamare yake iya yi ba. Ana zaɓen wani layi a gaban jirgin a ce daga nan ake fara awo. Kowane abu da za a ɗora, a ninka nauyinsa da nisansa daga layin. A tara sakamakon duka, a raba da jimillar nauyi. Abin da ya fito shi ne nisan cibiyar nauyi daga layin. A ɗauki misalin wani jirgi mai kujera huɗu, wanda bai kamata ya wuce kilo 1,150 ba, kuma cibiyarsa ta tsaya tsakanin santimita 90 da 120. Jirgin ba kaya kilo 750 ne a santimita 100, ya ba da 75,000. Mutum biyu a gaba, kilo 150 a santimita 90, sun ba da 13,500. Mutum biyu a baya, kilo 150 a santimita 180, sun ba da 27,000. Mai kilo 100 a santimita 120 ya ba da 12,000. Jimilla 127,500, in an raba da 1,150 sai a sami kusan santimita 111, jirgi ya tashi lafiya. To, a ce fasinjan gaba mai kilo 75 ya fasa tafiya, aka maye gurbinsa da buhu mai kilo 75 da aka jefa a ma'ajin kaya na baya, a santimita 240. Nauyi bai ƙaru ko da giram ɗaya ba, amma jimilla ta koma 138,750, cibiya ta koma kusan santimita 121, ta ƙetare iyaka. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Alƙalami ne kaɗai yake nuna shi.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta jirgi da jaki: kayan jirgi suna raguwa yana cikin tafiya, domin inji yana shan mai. In tankin mai yana nesa da cibiyar nauyi, jirgin da ya tashi daidai yana iya karkacewa bayan awa goma. A tafiyar ƙetare teku, inda mai ya kai rabin nauyin jirgi duka, wannan ita ce babbar matsala.

Waɗanda suka fara gwadawa

Wanda ya fara yunƙuri shi ne Kyaftin René Fonck, gwarzon Faransa a Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka tabbatar ya kakkaɓo jiragen abokan gaba 75. Igor Sikorsky ya ƙera masa babban jirgi mai inji uku, S-35. Aka ƙawata cikinsa, aka sa rediyo, aka tanadi wurin hutawa da abincin da za a ci a yi murna in an isa Paris, ga mutum huɗu da za su shiga. Da aka cika tankuna, nauyin jirgin ya haura tan 12, kusan tan 2 sama da abin da aka tsara masa, har sai da aka ƙara masa wasu tayoyi na wucin gadi don su tallafa. Ba a taɓa gwada shi da cikakken lodinsa ba. Ran 21 ga Satumba 1926, a filin Roosevelt kusa da Niyu Yok, tayoyin ƙarin suka karye yana cikin gudu, jirgin bai rabu da ƙasa ba har ƙarshen fili, ya gangara cikin kwari ya kama wuta. Fonck da mataimakinsa sun tsira. Charles Clavier mai kula da rediyo da Jacob Islamoff makaniki suka ƙone.

Hatsari na biyu ya zo ta wata fuska dabam. Ran 16 ga Afrilu 1927 aka yi gwajin farko na jirgin Kwamanda Richard Byrd, mai suna America, kuma maƙerinsa Anthony Fokker ne da kansa yake tuƙi. A ranar jirgin ba shi da lodi mai yawa. Babban tankin da ke tsakiyarsa fanko ne, mutum huɗu kuwa duk suna gaba, tankin ya toshe hanyar da wani zai bi ya koma baya. Suna sama aka gane hanci ya yi nauyi, kuma babu yadda za a gyara. Da suka zo sauka jirgin ya kife. Byrd ya karye a wuyan hannu, matuƙinsa Floyd Bennett ya ji mummunan rauni wanda ya fitar da shi daga gasar. Jirgin bai kai ko kusa da iyakar nauyinsa ba. Rashin daidaito kaɗai ya kayar da shi.

Kwana goma bayan haka, ran 26 ga Afrilu, hafsoshin sojan ruwan Amurka biyu, Noel Davis da Stanton Wooster, suka yi gwajin ƙarshe na jirginsu American Legion a filin Langley na jihar Virginia. Tun daga masana'anta jirgin ya fito da nauyin da ya zarce na tsari da kusan rabin tan. Da aka cika shi, ya tashi da ƙyar, ya kasa hawa sama, ya faɗa cikin fadama, su biyun suka mutu.

Daga ɓangaren Faransa, Charles Nungesser da François Coli sun ɗauki batun nauyi da muhimmanci. Jirginsu, L'Oiseau Blanc, mai inji ɗaya ne, kuma an tsara shi yadda zai yar da ƙafafunsa bayan ya tashi, ya sauka a kan ruwa in ya isa Niyu Yok. Sun tashi daga filin Le Bourget ran 8 ga Mayu, suka yar da ƙafafun kamar yadda aka tsara, amma suka ɓace a hanya, ba su isa Niyu Yok ba. Ƙafafun nan su ne abin da ya rage na jirgin, suna ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget.

Matuƙin wasiƙu da injiniyansa

Charles Lindbergh yana da shekara 25 a lokacin, aikinsa jigilar wasiƙu tsakanin biranen St. Louis da Chicago. Hatsarin Fonck ya sa shi tunani, ya yanke shawarar da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce: inji ɗaya, mutum ɗaya, sauran nauyi duka na mai. Wasu ƴan kasuwar St. Louis suka haɗa masa kuɗi, a ƙarshen Fabrairu 1927 ya isa wani ƙaramin kamfani mai suna Ryan a birnin San Diego, aka yi ciniki a kan dala 10,580, za a gama jirgin cikin kwana 60. Injiniyan kamfanin, Donald Hall, saurayi ne shi ma. Su biyun suka je ɗakin karatu na birnin, suka shimfiɗa zare a kan ƙwallon taswirar duniya don su san ainihin nisan da za a yi wa tanadin mai.

Daga wannan nisa Hall ya fara lissafi. Tun da mai zai yi yawa, ya faɗaɗa fiffike har ya kai mita 14. Ya ƙara tsawon gangar jirgin, ya tura inji gaba don ya rama nauyin da ya ƙaru a baya. Sai babbar tambaya: ina za a sa babban tanki? Suka sa shi ƙarƙashin fiffike, daidai kan cibiyar nauyi, ta yadda ko cike yake ko fanko, daidaiton jirgin ba zai canza sosai ba. Sauran tankuna huɗu, uku suna cikin fiffike, ɗaya a gaba. Wannan tsari ya tilasta a mai da kujerar matuƙi bayan tanki, abin da Lindbergh ma ya fi so, domin ba ya son ya kasance tsakanin inji da tanki in an yi hatsari. Amma tsarin ya zo da tsadarsa: jirgin ba shi da tagar gaba. In yana son ganin gabansa, sai ya karkata jirgin ya leƙa ta tagar gefe, ko ya duba ta wani ɗan madubin leƙe da aka maƙala masa. Ya yarda ya yi tafiyar awa talatin da wani abu ba ya ganin gaba, don dai cibiyar nauyi ta zauna wuri ɗaya.

Sannan aka bi kowane kaya ana tambaya ko ya cancanci nauyinsa. Rediyo bai shiga ba, laimar dirowa ba ta shiga ba. Maimakon kujerar fata aka sa ta saƙa mara nauyi. Ya yanke gefen taswirorinsa inda babu abin da yake buƙata. Guzurinsa burodi biyar da ɗan ruwa, da ɗan kwalekwalen roba don ko-ta-kwana. Jirgin, wanda aka sa wa suna Spirit of St. Louis, ba kaya kilo 975 ne. Man da zai ɗauka kuwa, lita 1,700, ya haura kilo 1,200. Wato man ya fi jirgin da ke ɗauke da shi nauyi.

Abin da ya fi bambanta su da Fonck shi ne yadda suka yi gwaji. Jirgin ya fara tashi ran 28 ga Afrilu. A farkon Mayu suka kai shi wani tsohon filin faretin soja mai suna Camp Kearny, suka fara da mai kaɗan, ya tashi, aka auna tsawon gudun da ya yi kafin ya rabu da ƙasa. Aka ƙara mai, ya sake tashi, aka sake aunawa. Haka suka yi ta yi, mataki bayan mataki, har suka kai wajen lita 1,140. A nan suka tsaya, domin filin yana da duwatsu, kuma sauka da lodin da ya wuce haka yana iya fasa taya. Hall ya zana waɗannan awo a takarda, ya ja layinsu ya kai shi ga cikakken lodi, ya fitar da tsawon filin da jirgin zai buƙata. Sannu ba ta hana zuwa.

Safiyar 20 ga Mayu

A filin Roosevelt, inda jirgin Fonck ya ƙone wata takwas da suka wuce, aka cika Spirit of St. Louis da safiyar 20 ga Mayu 1927. Nauyinsa ya haura kilo 2,300, lodin da bai taɓa ɗauka ba. An yi ruwa da dare, fili ya yi taɓo, ƴar iskar da ke kaɗawa kuma daga baya take zuwa. Duk waɗannan suna ƙara tsawon gudu, kuma babu su cikin gwajin San Diego. Amma Lindbergh yana da abin da zai gwada su da shi, domin ya san inda ya kamata tayoyinsa su bar ƙasa da kuma rarar filin da ta rage. Da ƙarfe 7:52 ya saki jirgin. Ya yi tsalle ya dawo, ya sake yi ya dawo, sannan ya ɗaga, ya wuce wayoyin tarho na ƙarshen fili da tazarar kimanin mita 6.

Lissafin bai ƙare da tashi ba. A hanya yana juya famfunan tankuna bi da bi, yana sa alamar fensir ga kowace awa da ya sha daga kowane tanki, don ya san abin da ya rage kuma kada wani ɓangare ya rinjayi wani. Bayan awa 33 da rabi, da ƙarfe 10:22 na daren 21 ga Mayu, ya sauka a Le Bourget, da sauran mai kimanin lita 320. A watan Yuli na shekarar, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka ta buga rahoton Hall, da alƙaluman nauyi da sakamakon gwaje-gwajen, don masu ƙira su amfana. A 1928 aka miƙa jirgin ga cibiyar Smithsonian da ke Washington, kuma duk mai ziyara yana iya ganin gabansa rufe da ƙarfe, babu taga.

Abin da ya biyo baya

Abin da Hall ya yi wa jirgi ɗaya ya zama doka ga kowane jirgi. Yau duk ƙaramin jirgin da aka ba izinin tashi yana da littafinsa, wanda ya ƙunshi nauyinsa ba kaya, da iyakar lodinsa, da nisan kowace kujera da tanki da ma'ajin kaya, da iyakokin cibiyar nauyi, kuma alhakin dubawa yana wuyan matuƙi. Na'ura ta sauƙaƙa ninkawa da rabawa, amma ba ta iya gyara adadin da aka ba ta in ƙarya ne, kuma ta nan ne hatsari ya ci gaba da shigowa.

Ran 25 ga Agusta 2001, wani jirgi ƙirar Cessna 402 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Marsh Harbour a tsibiran Bahamas, mutum tara suka mutu, har da mawaƙiyar Amurka Aaliyah. Bincike ya nuna lodin ya wuce iyaka da kimanin kilo 320, cibiyar nauyi kuma ta zarce iyakar baya. Ran 17 ga Janairu 2004, wani Cessna Caravan ya tashi daga tsibirin Pelee a Kanada ya faɗa tafkin Erie da mutum goma. Ƙanƙara ta kama fiffikensa, kuma nauyinsa ya zarce iyaka da wajen kashi 15 cikin ɗari. Wani ɓangare na wannan ƙari ya samo asali ne daga al'adar ƙiyasta nauyin fasinja da matsakaicin adadi maimakon a auna shi: mutanen da ke ciki sun fi ƙiyasin da fiye da kilo 250. Hukumar binciken ta ba da shawarar a riƙa amfani da ainihin nauyin mutane a jiragen da ba su wuce fasinja tara ba, domin ƙiyasin da ke yin daidai a kan mutum ɗari biyu yana iya kaucewa sosai a kan mutum tara. Manyan jirage ma ba su tsira ba. A Kwatano, ran 25 ga Disamba 2003, wani Boeing 727 da aka yi wa lodi fiye da kima, matuƙansa ba su san cibiyar nauyinsa ta yi gaba ba, ya kasa ɗagawa a kan lokaci, ya bugi wani gini a ƙarshen fili ya faɗa bakin teku, fiye da mutum 130 suka halaka.

A ƙasashen zafi irin na Sahel akwai ƙarin abin lura. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fiffike da farfela da inji duk suna samun ƙasa da abin da suke samu a sanyi. Lodin da jirgi zai ɗaga cikin sauƙi da asubahin watan Janairu yana iya gagararsa da azahar ɗin Afrilu a fili ɗaya. In lissafi ya nuna haka, zaɓin matuƙi ƙalilan ne, kuma duk suna da ɗaci: ya rage mai ya ƙara zango, ya sauke kaya, ya bar fasinja, ko ya jira sanyin safiya. Mai kaya zai yi fushi, mai gaggawa zai ce ai buhu ɗaya ne. Hausawa kuwa sun riga sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.